Safar Hannu a Asibiti da Wurin Sana'a: Lokacin Sa Ta da Lokacin Cire Ta

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san irin ma'aikacin da yake sa safar hannu tun da safe, da ita ya wanke rauni, da ita ya riƙe biro ya cike kati, da ita ya amsa waya, sannan ya wuce gado na gaba ya kama hannun wani majinyaci. Shi a ganinsa ya kare kansa, 'yan jinya kuma suna yaba tsaftarsa, alhali duk abin da safar ta kwasa a jikin mutumin farko ta raba shi ga biro da waya da ƙarfen gado da mutum na biyu. Da wannan ma'aikaci ya yi aikin da hannunsa tsura yana wankewa tsakanin majinyaci da majinyaci, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Safar asibiti ta aiki ɗaya ce a jikin mutum ɗaya, ana gama aikin ta tashi daga kariya ta koma shara. Safar wurin sana'a kuwa haɗarin aikin ne yake zaɓar ta, kuma akwai ayyukan da sa ta ya fi barin ta haɗari.

Asalin safar tiyata ma'aikaci aka yi wa ita, ba majinyaci ba. A wajajen 1889 zuwa 1890, a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore na Amurka, sinadarin da ake wanke hannu da shi kafin tiyata ya cinye fatar hannun Caroline Hampton, shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin tiyata. Likita William Halsted ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata safar roba marar kauri, daga baya sauran likitoci suka ɗauka, sai aka lura cewa ruɓewar rauni bayan tiyata ta ragu ƙwarai. Tun daga nan safa take da aiki biyu, wato ta hana cutar majinyaci shiga jikin ma'aikaci, ta kuma hana ƙwayoyin cutar da ke hannun ma'aikaci shiga jikin majinyaci. Sa ta a sauran ɗakunan asibiti bai zama ruwan dare ba sai bayan bayyanar cuta mai karya garkuwar jiki, lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tsayar da ƙa'ida a 1987 cewa a ɗauki jinin kowane majinyaci a matsayin mai ɗauke da cuta, ko an san ciwonsa ko ba a sani ba.

Kafin ma'aikaci ya miƙa hannu cikin kwali, tambaya ɗaya ya kamata ya yi wa kansa: shin a wannan aikin hannuna zai taɓa jini, ko wani ruwa na jiki, ko fatar da ta buɗe, ko cikin baki da hanci da al'aura, ko wani abin da waɗannan suka ɓata? Idan amsar e ce, safa ta wajaba. A nan ne ɗibar jini ta shigo, da sa allurar ƙarin ruwa a jijiya da cire ta, da sauya bandejin rauni, da zubar da fitsari ko amai ko bayan gida, da kwashe zanin gado mai jini ko mugunya, da wanke kayan aiki, da goge jinin da ya zuba a ƙasa. Gumi kaɗai ne ba ya cikin wannan lissafi. Duk waɗannan ayyuka safar kwali ta isar musu, wato wadda take zuwa guda ɗari a kwali, mai tsafta amma ba a kashe mata ƙwayoyin cuta gaba ɗaya ba.

Safar da ke zuwa biyu-biyu cikin takarda a liƙe, wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta ƙurmus, aikinta daban ne. Ita ake sawa a tiyata, da karɓar haihuwa, da sa robar fitsari, da duk aikin da hannu ko kayan aiki za su shiga wurin da babu ƙwayar cuta a jikin mutum. Tana da lamba daga biyar da rabi zuwa tara, da hannun dama da na hagu, kuma idan takardar ta yage ko ta jiƙe, ta sauka daga matsayinta ta koma safar kwali. A tiyatar ƙashi da sauran ayyukan da ake yawan hudawa, likitoci sukan sa biyu a kowane hannu, domin idan ta waje ta huje galibi ta ciki tana tsira.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne jerin ayyukan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba sa bukatar safa, a cikin jagorar tsaftar hannu da ta fitar a 2009. Awon hawan jini, da awon zafin jiki, da jin bugun jijiya, da ba majinyaci abinci ko ƙwayar magani, da tura shi a keke, da gyara masa tufafi, duk hannu wankakke ya wadatar. Har allurar da ake yi a tsoka ko ƙarƙashin fata, irin ta rigakafin yara, ba a sa mata safa matuƙar fatar mai yi da ta wanda ake yi wa lafiya lau suke. Wasu suna ganin sa ta a irin waɗannan wurare ƙarin taka-tsantsan ne da ba ya cutar da kowa, amma yana cutarwa ta hanyoyi da dama. Wanda hannunsa yake cikin safa ba ya jin ƙazanta ta taɓa shi, saboda haka ba ya tuna wanki. Kwalin da aka ƙarar da rana wajen awon hawan jini, shi ne za a nema a rasa da tsakar dare idan aka kawo mai naƙuda tana zubar da jini. Ga kuma majinyacin da ake sa wa safa kafin a gaisa da shi, wanda ba sai an gaya masa ana ƙyamarsa ba.

Sa safa ba ya ɗauke wankin hannu, kafin sawa da bayan cirewa. Dalilin na farko shi ne yatsun da suka shiga kwali suna taɓa bayan safar da sauran da ke ciki. Dalilin na biyu kuwa, ko sabuwar safa takan zo da ƙananan huji da ido ba ya gani, wasu kuma suna samuwa ana cikin aiki, sannan ɗumi da gumin da ke cikinta suna sa ƙwayoyin cutar da ke fata su hayayyafa. Idan da man goge hannu mai sinadarin barasa za a yi, ana murzawa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe. Idan da ruwa da sabulu ne, daƙiƙa 40 zuwa 60 ake bukata, kuma shi ne ya wajaba duk lokacin da ido ya ga datti a hannu ko aka yi aiki da mai gudawa. A bar hannu ya bushe sarai, don jiƙaƙƙen hannu yana sa safa ta maƙale ta yage. A cire zobe da agogo da awarwaro, a kuma rage farce.

Wajen sawa, a zaro guda ɗaya daga kwali a riƙe ta ta bakin wuyanta kawai, a zura hannu. Da hannun da bai sa ba sai a zaro ta biyu, ita ma ta wuya, a karɓe ta da hannun da ya riga ya sa, a maƙala yatsu a bayan bakinta a ja ta sama ba tare da an taɓa fatar hannu ba. Idan akwai rigar kariya, safa ce ƙarshen abin da ake sawa, kuma bakinta yana hawa kan hannun rigar. Daga nan hannu ba ya zuwa fuska, ko tabarau, ko aljihu, ko waya.

Cirewa ita ce wurin da aka fi yin kuskure, domin a lokacin mutum ya gaji, hankalinsa ya riga ya tafi ga aiki na gaba. Ƙa'idar ita ce bayan safa ya taɓa bayan safa kawai, fata kuma ta taɓa cikin safa kawai. A tsunkuli bayan safar hannu ɗaya daidai wuyan hannu, ba tare da yatsu sun shiga ciki ba, a ja ta ƙasa tana juyewa ciki ya koma waje har ta fita. A dunƙule ta a tafin hannun da har yanzu yake da safa. Sai a zura yatsa ɗaya ko biyu na hannun da ya fita ta ƙarƙashin bakin safar da ta rage, a naɗe ta ƙasa har ta haɗiye ta farko, ta zama ƙunshi ɗaya wanda duk ƙazantar take ciki. A yi shi a hankali, kada a fizge ta ta yi ƙara, don fizgar tana watsa abin da ke jikinta. A jefa ta kwandon sharar asibiti, a wanke hannu nan take kafin a taɓa komai. Wanda yake koyar da sababbin ma'aikata zai iya shafa musu ɗan shuɗi ko kala a bayan safa ya ce su cire, duk inda launin ya fito a fata, nan ne cuta za ta sauka.

Ko a jikin mutum ɗaya ana sauya safa idan za a tashi daga wuri mai ƙazanta zuwa mai tsafta, kamar wanda ya gyara wa majinyaci bayan gida sannan zai taɓa allurar ƙarin ruwansa. Ana kuma sauya ta da zarar ta yage. Wanke safar kwali don a sake amfani da ita ba tanadi ba ne, domin sabulu da sinadari suna raunana robar ta yadda ruwa zai ratsa ta ba a sani ba.

Iri uku ne aka fi samu a kasuwa, kuma sunan kowacce yana jikin kwali. Ta lateks, wadda ake yi da ƙaron itacen roba, ta fi lafewa a hannu, sai dai wasu jikinsu ba ya karɓar ta, takan sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje, wani lokaci har da atishawa da sarƙewar numfashi, kuma hakan yana iya samun majinyaci kamar yadda yake samun ma'aikaci. Mai da basilin suna lalata ta, saboda haka kada a shafa su kafin a sa ta. Ta naitiril, wadda galibi shuɗiya ce, ba ta da wannan matsala, ta fi jure mai da sinadarai, kuma idan ta huje takan yage a gani. Ta binil ta fi araha amma sako-sako ce, ta fi saurin yoyo, bai dace a dogara da ita a aikin jini mai yawa ba. Mai hoda a ciki gara a bar ta, domin hodar tana ɗaukar sinadarin lateks ta tashi da shi cikin iska, tana kuma dagula rauni, abin da ya sa Amurka ta haramta ta a asibitoci tun Janairun 2017. Masu shara da wanki da kwasar bola a asibiti, waɗanda su ne aka fi mantawa da su wajen rabon kaya, ba safar kwali ce tasu ba. Tasu mai kauri ce mai tsawo, wadda ake wankewa a shanya a sake sawa.

Babu safar asibitin da allura ko wuƙar tiyata ba ta hudawa. A farkon 1970, a garin Jos, Dakta Jeanette Troup ta yanke yatsa tana binciken gawar majinyacin da zazzaɓin Lassa ya kashe, kuma cutar ta yi ajalinta cikin 'yan makonni, shekara guda bayan an fara gano cutar a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Idan allurar da aka yi wa mai cuta ta soki mutum, yiwuwar kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki kusan uku ce cikin dubu, ta ciwon hanta nau'in C kusan biyu cikin ɗari, ta nau'in B kuwa tana iya kaiwa talatin cikin ɗari ga wanda bai yi rigakafi ba. Saboda haka allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, sau uku, ta fi kowace safa muhimmanci ga mai aiki da jini. Kada a mayar wa allura murfinta da hannu biyu, a jefa ta kai tsaye cikin kwalin allurai, a rufe kwalin idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Idan tsautsayi ya faɗa, a cire safa a wanke wurin da ruwa mai gudu da sabulu, kada a tsotse, kada a matse da ƙarfi, kada a zuba bilic, sannan a sanar da shugaban sashe nan take. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki ya fi aiki idan an fara shi cikin sa'o'in farko, ba ya wuce sa'a 72, kuma ana shan sa kwana 28.

A lokacin annoba lissafi yana sauyawa, domin taɓa majinyacin kansa ko shimfiɗarsa ya isa dalilin sa safa. Zazzaɓin Lassa, wanda ya fi tsananta da rani a jihohi irin su Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, yana farawa kamar zazzaɓin cizon sauro ko taifod, shi ya sa ma'aikata suke kamuwa tun kafin a yi zargin komai. Lokacin da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, cikin mutum 20 da suka kamu 8 sun rasu, har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana majinyacin farko fita daga asibiti. A irin waɗannan cututtuka ana sa safa biyu tare da rigar kariya da takunkumi da tabarau da takalmin roba, kuma wani yana tsaye yana lura da mai cirewa.

Wannan bai tsaya a asibiti ba. Ungozomar da ke karɓar haihuwa a gida tana bukatar safa, mai tsawo zuwa gwiwar hannu in an samu, tun daga fashewar faya har zuwa binne mabiyiya. Wanzami ma haka, a wajen kaciya da ƙaho, tare da sabuwar reza ga kowane mutum. Masu wankan gawa sun daɗe da sanin naɗa ƙyalle a hannu, amma ƙyalle sutura ce ga mamaci, ruwa yana ratsa shi, don haka a sa safar roba a ƙarƙashinsa. Idan kuwa Lassa ko kwalara ake zargi, sai a bar wa jami'an lafiya su jagoranci suturar. Wanda ya tarar da haɗarin mota ba shi da safa, leda mai tsafta marar huji da aka ɗaure a wuyan hannu ta fi hannu tsura wajen danne jini.

A wurin sana'a babban kuskure shi ne ɗauka cewa kowace safa tana tare kowane abu. A 1996 wata farfesar kimiyyar sinadarai a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, Karen Wetterhahn, ɗigo kaɗan na wani sinadarin zaiba ya zuba mata a bayan safar lateks, ya ratsa robar cikin daƙiƙoƙi ba tare da ya huda ta ba, gubar ta kashe ta a 1997. Sinadari yana iya bi ta cikin roba alhali ido yana ganin ta lafiya, shi ya sa ake duba takardar jikin kaya a ga irin safar da aka ce a sa. Manomin da ke feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, safar naitiril mai kauri marar shafin yadi a ciki ita ce tasa, kuma lokacin da ya fi bukatar ta shi ne wajen buɗe kwalba da haɗa maganin, tun da a nan ne gubar take da cikakken ƙarfinta. Safar yadi ko ta fata ta fi babu muni a wannan aiki, domin tana shan maganin ta riƙe shi a jikin fata yini guda. Idan ya gama, ya wanke bayanta da sabulu tun tana hannunsa kafin ya cire.

Ɗanyen siminti yana ƙuna a hankali ba tare da zafi nan take ba, sai daga baya birkila ko lebura ya ga fatarsa ta tsattsage, saboda haka safar da ruwa ba ya shiga ake bukata, kuma idan kwaɓin ya faɗa cikinta a cire a wanke hannu. Bakanike yana bukatar naitiril saboda baƙin mai da ruwan batir, ya kuma daina wanke hannu da fetur. Marina da ke aiki da soda, da ma'aikatan kamfanonin jima irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, doguwar safar roba mai kauri ce ta dace da su. Mahauci ya fi yanka hannun da ke riƙe nama, shi ake sa wa safar zaren ƙarfe, sannan duk mai taimakon dabba wajen haihuwa ko kwashe ɓarinta ya sa doguwar safa, don cututtuka da yawa ta nan suke tsallakowa zuwa mutum. Mai walda safar fata mai dogon wuya zai sa, busasshiya, wadda babu mai a jikinta. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta samar da irin waɗannan kaya, ba ma'aikaci ba.

Safar lantarki tana da daraja-daraja, kuma an rubuta ƙarfin wutar da take ɗauka a jikinta: mafi ƙanƙanta bolt 500, ta gaba 1,000, sai 7,500, da 17,000, da 26,500, har zuwa 36,000. Safar wanke-wanke ba ta cikinsu ko kaɗan. Kafin kowane aiki ana naɗe bakinta a tara iska a ciki a saurara ko tana fita, domin huji ɗaya ya isa, sannan a ɗora safar fata a kanta don kada waya ta soke ta. Duk da haka kashe wuta da tabbatar da ta mutu shi ne farko, musamman a unguwannin da janareton wani gida yake iya mayar da wuta cikin layi.

Akwai kuma inda ba a sa safa sam. Duk injin da yake juyawa, kamar injin niƙa da na markaɗe masu bel, da injin huda ƙarfe, da zarton katako mai lantarki, idan ya kama bakin safa ba ya saki, zai ja yatsu da hannu gaba ɗaya kafin mutum ya kai ga makunni. Abin da da hannu tsura zai tsaya a ƙujewa, da safa yakan kai ga yanke hannu. A irin wannan aiki murfin bel da sandar tura kaya su ne kariya, a kuma naɗe hannun riga. Masu sayar da abinci su ma su lura, safar da ta karɓi kuɗi ta ba da canji ba ta da sauran tsaftar taɓa tsire ko burodi, gara cokali ko matsefi da hannu wankakke.

Zafi da hasken rana suna busar da roba, don haka kwalin da ya yi watanni a bayan gilashin mota ko kusa da taga ba abin dogaro ba ne, ko da ranar ƙarewar da ke jikinsa ba ta zo ba. A ajiye shi a inuwa, nesa da janareto da fetur. Safar da ta yi ɗanko, ko ta dafe, ko take tsagewa idan an ɗan ja ta, a zubar da ita. Mai sayen kaya wa asibiti ko kamfani ya sayo ƙarama da matsakaiciya da babba, domin wadda ta matse tana yagewa a tsakanin yatsu, wadda ta yi yawa kuma tana hana riƙe allura da kyau. Safar aiki mai kauri kuwa kowa ya riƙe tasa da alama a jiki, a wanke ta ciki da waje bayan aiki, a rataye ta yatsu suna sama har ta bushe kafin a sake sawa.